Farar Hular Kwano a Ramin San José

A shirinmu na tarihi na makon jiya mun ɗauko labarin ma'aikata 33 da dutse ya rufe a wata mahaƙar ma'adinai ta ƙasar Chile a shekarar 2010. Lokaci ya ci mu tun ba mu kai rabi ba, kuma wani bawan Allah da ya bugo waya daga tsallaken iyaka ya yi tambayar da ba ta samu amsa mai kyau ba. Ya ce shi mai gareji ne, yana da yara 12 a ƙarƙashinsa, aiki ya ja baya, wata biyu ke nan bai sallame su yadda ya saba ba, har ya fara jin nauyin haɗa ido da su. To me labarin mutanen rami zai amfana masa? Na yi masa alkawarin kawo labarin a rubuce, a tsanake. Ga shi nan, Malam, kai da duk wanda Allah ya ɗora wa nauyin wasu a wurin neman abinci.

Bari mu fara da wurin. Chile ƙasa ce doguwa siririya a yammacin Kudancin Amurka, teku a gefe guda, duwatsu a ɗaya gefen, kuma babu ƙasar da ta kai ta fitar da tagulla a duniya. A arewacinta hamadar Atacama take, inda akwai wuraren da ake shekaru ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Wanda ya san Tenere zai gane irin ƙasar. A nan mahaƙar San José take, kilomita kamar 45 arewa da garin Copiapó. Tun 1889 ake haƙar tagulla da zinariya a cikinta, wato dutsen ya shekara 120 ana cinye masa ciki. Kada ka ɗauka rijiya ce da ake sauka da igiya irin ta masu neman zinariya a wajajenmu. Hanya ce mai faɗi da manyan motoci ke bi, tana murɗawa tana yin ƙasa kamar bayan dodon koɗi.

Kamfanin da ke da ita, San Esteban, sunansa bai yi kyau ba wajen kiyaye rayukan ma'aikata. A 2007 hukuma ta rufe mahaƙar bayan wani hatsari da ya ci rai, aka sake buɗe ta a 2008 bisa sharuɗɗa. Wata guda kafin abin da za mu faɗa, dutse ya faɗo wa wani ma'aikaci ya rasa ƙafa. Ma'aikatan duk sun san da wannan. Abin da ya riƙe su shi ne albashin ya ɗara na sauran mahaƙu, kuma ka san mai iyali ba ya yawan zaɓe. Ɗaya daga cikinsu, Raúl Bustos, bakanike ne daga garin Talcahuano na bakin teku. Girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta watan Fabrairun shekarar ce ta lalata wurin aikinsa, ya taho arewa neman na tuwo. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ranar Alhamis 5 ga Agusta, wajen ƙarfe 2 na rana, wani ɓangare na dutsen mai nauyin kimanin tan 700,000 ya ɓalle daga ciki ya zauna a kan hanyar. Ƙura ta turnuƙe, aka yi sa'o'i ba a ganin ko tafin hannu. Da ta lafa suka ƙirga kansu: mutum 33, babu wanda ya mutu. 32 'yan Chile ne, ɗaya ɗan Bolibiya, Carlos Mamani, wanda bai daɗe da kama aikin ba. Babbansu, Mario Gómez, shekararsa 63, ƙaraminsu, Jimmy Sánchez, 19. Zurfin da suke ya kusa mita 700, kuma in ka bi hanyar mota kilomita 5 ne tsakaninsu da ƙofa.

Wasu daga cikinsu suka nufi ramin shan iska, wanda ya miƙe sama. Ya kamata a ce akwai tsani a cikinsa har inda mutum zai tsallake wurin da ya rufta, yana ma cikin sharuɗɗan da aka gindaya wa kamfanin kafin a bar shi ya sake buɗewa. Suka hau, suka hau, sai tsanin ya ƙare. Ashe ba a kammala shi ba. Bayan kwana biyu, ranar 7 ga wata, dutsen ya sake motsawa ya toshe ramin baki ɗaya. Ministan ma'adinai na lokacin, Laurence Golborne, da bakinsa ya ce hanyar ta yi sa'a 48 a buɗe, kuma da tsanin ya cika da mutanen sun fita.

Ka riƙe wannan tsani a ranka. Duk inda ake ba da labarin San José don horas da shugabanni, jarumtar da aka yi a ƙasa ake yabo. Ni kuwa a ganina, hukuncin farko a kan shugabancin wannan wurin aiki ya riga ya faɗi tun 2008, ranar da aka buɗe ƙofa aka tura mutane ciki alhali tsanin bai cika ba. Mu nan ba baƙin irin wannan ba ne. A watan Nuwamban 2021 ramin zinariya ya rufta a Garin Liman, kusa da Ɗan Isa a jihar Maraɗi, dab da iyaka, mutum aƙalla 18 suka rasu. Su babu wanda ya tono su da rai bayan kwana 69.

To, mu koma ƙasa. A mahaƙun Chile launin hular kwano yana nuna matsayi, fara ta shugabanni ce. Mai farar hula a wannan rana shi ne Luis Urzúa, shugaban rukunin da ke kan aiki, ɗan shekara 54, wanda ya yi kusan shekara 30 a harkar haƙa kuma yana da ilmin awon ƙasa da zana taswira. Sai dai 'yan watanni kaɗan ya yi a San José, don haka yawancin mutanen ba su gama saninsa ba. Mutum ne mai sanyin magana, ba mai hayaniya ba.

Labarin da ya fara yawo a jaridu shi ne wai Urzúa ya tsaya kamar kwamandan soja, ya ba da oda, ya raba abinci, kowa ya bi. Daga baya, da marubuci Héctor Tobar ya zauna da mutanen ya fitar da littafinsa a 2014, sai aka ji abin ba haka ya tafi sumul ba. A cewarsu, da Urzúa ya tabbatar babu mafita, cire farar hular ya yi, ya shaida musu cewa daga yanzu babu maigida babu yaro, duk ɗaya suke, tare za a yanke shawara. Wasu sun ji daɗi. Wasu kuwa ransu ya ɓaci, suna ganin ya yar da kaya a daidai lokacin da aka fi bukatar mai ɗauka.

Na daɗe ina juya wannan a raina, don kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Ikon da hular ke ba shi, daga ina yake? Daga kamfani. Shi ke rubuta wanda ya makara, shi ke iya sa a rage wa mutum kuɗi ko a kore shi. To a ƙarƙashin tan 700,000 na dutse, wa zai kora, kuma zuwa ina? Da ya tsaya yana daka tsawa a kan mutanen da ke ganin shugabanni irinsa ne suka jefa su a wannan hali, ƙila da dambe aka yi tun ranar farko. Amma masu fushin ma ba ƙarya suka yi ba. A daren farko, da babu mai tsawatarwa, wasu suka ɓalle akwatin abincin da ke ɗakin mafaka suka ci biskit suka sha madara. Abincin da dama ba zai wuce kwana biyu ko uku ba.

Wanda ya tsaya a kan maganar abinci ba shi da muƙamin komai. Mario Sepúlveda, mai tuƙa injin ɗibar ƙasa, mutum mai surutu da barkwanci da saurin hawa, shi ya sa aka fito da abin da ya rage aka ƙirga a gaban kowa. Gwangwanin kifi da ba su kai 20 ba, fakitin biskit, madara da wani ɓangare nata ya riga ya lalace, sai 'yan tarkace. Aka tsayar da rabo: ɗan kifi cokali biyu, kurɓin madara, guntun biskit. Da kwanaki suka tura, wannan ɗan abin sai bayan sa'a 48 ake samunsa, daga ƙarshe ma tazarar ta ƙaru. Ruwan sha kuwa na tankunan da aka tanada don injuna ne, mai ɗanɗanon mai. Ga zafi sama da digiri 30, ga gumi da ba ya bushewa. Kafin a same su, kusan kowa ya zubar da kilo 8 ko abin da ya yi kusa. A wannan shekarar azumin Ramadan ya kama wajen 11 ga Agusta, ina ɗan firamare lokacin. Wato mu muna jiran kiran sallar magariba mu sha ruwa, su suna jiran jibi su lashi cokali.

Mai gareji, a nan nake so ka ɗan tsaya. Abin da ya hana mutanen nan cinye juna a kan gwangwani, a nawa fahimtar, shi ne an ƙirga a gaban kowa, an raba a gaban kowa, kuma ba a fara ci sai kowa ya karɓi nasa. Mai yunwa yana iya haƙuri da kaɗan in ya ga ƙasan tukunya da idonsa. Abin da ba ya iya haƙuri da shi shi ne zargin akwai wata tukunyar a ɗaki. Kafin in zo nan na taɓa aiki a wani wuri inda albashi ya maƙale wata uku. Da maigidan ya tara mu ya ce ga abin da ya shigo, ga bashin da ke kanmu, ga ranar da nake sa rai, wallahi da mun zauna. Sai ya daina zuwa da safe, ya koma aiko da saƙo ta bakin direba, in ka kira waya a kashe. Cikin mako shida mutum huɗu suka tafi, kuma waɗanda suka fi iya aikin ne, don su ne ke da inda za su.

Bayan abinci sai shawara. Urzúa ya faɗa daga baya cewa kome ƙuri'a ake kaɗa masa: su 33 ne, don haka mutum 17 sun isa rinjaye. Sannan a hankali kowa ya samu abin da ya rataya a wuyansa. Yonni Barrios ya taɓa koyon aikin jinya don kula da mahaifiyarsa mai ciwon suga, sai ya zama likitansu. José Henríquez, dattijo mai riƙo da addininsa na Kirista, shi ke jan addu'a kullum da tsakar rana, kuma a wurin ne wanda ya ɓata wa ɗan'uwansa rai yakan nemi gafara a gaban jama'a. Víctor Segovia ya riƙa rubuta abin da ya faru kowace rana. Masu sanin lantarki suka haɗa fitilu da batiran motoci. Aka ware wurin kwana, aka ware wurin bahaya can nesa. Aka ƙona taya, aka yi ta danna ham, aka tayar da nakiya, ko na sama za su ji alamar akwai rai. Shi kuwa Urzúa ya mai da farar motarsa ofis, yana zana taswirar inda suke da ramukan da ke kewaye.

Kada in sa ka ɗauka waliyyai ne. An yi zage-zage, an yi ɓangaranci. Makanikai, waɗanda dama ma'aikatan wani ɗan kwangila ne kuma suna da nasu shugaban, Juan Carlos Aguilar, sun ware wurin kwanansu daban. Akwai waɗanda suka kwanta suka daina magana, akwai waɗanda suka rubuta wa iyalansu wasiƙun ban kwana. Abin da dai ya tabbata shi ne shugabancin bai taru a hannun mutum ɗaya ba. Ya rarrabu, kowa ya ɗauki ɓangaren da ya iya, kuma mai farar hula bai yi kishi da su ba. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Sau nawa ka ga maigida ya gwammace aiki ya lalace da a ce yaronsa ne ya kawo dabarar?

Yanzu mu hau sama, don can ma ana wani gwajin. Shugaban ƙasa Sebastián Piñera, wanda bai fi wata biyar a kan mulki ba, ya ga kamfanin ba shi da ƙarfin wannan aiki, sai gwamnati ta karɓe shi. Aka ɗauko injiniya André Sougarret daga El Teniente, babbar mahaƙar kamfanin tagulla na gwamnati, Codelco, aka damƙa masa ceton. Aka kuma sallami shugaban hukumar da ke sa ido kan mahaƙu. Iyalan mutanen kuwa tun daren farko suka taho suka kafa tantuna a bakin ƙofa cikin sanyin hamada, suka sa wa wurin suna Esperanza, wato fata. María Segovia, mai sayar da abinci a titi, wadda ɗan'uwanta Darío ke ƙasa, ita ta zama bakinsu, har ake kiranta magajiyar garin sansanin. Matan nan su ne suka hana a ce an yi iya ƙoƙari a tattara a tafi.

Dabarar da ta rage ita ce a huda dutsen daga sama da injuna irin na haƙa rijiyar burtsatse, ko foraj kamar yadda ake cewa a wannan gefen, a nemi ɗakin mafakar da bai wuce murabba'in mita 50 ba a zurfin mita kusan 700. Ƙarfen haƙa yana karkacewa in ya yi nisa, ga shi kuma taswirar da kamfanin ya bayar ba daidai take ba. Ranar 19 ga Agusta wani inji ya kai zurfin da ake nema bai samu komai ba. Mutanen ƙasa suna jin ƙararsa yana matsowa, yana matsowa, har ya wuce su. Ka ƙiyasta wannan daren.

A sama ma hankali ya tashi. Ƙananan masu haƙa na yankin suka ce a bar su su shiga ta ƙofa su tona da hannu, wasu iyalai suka goyi bayansu. Sougarret ya ce a'a, dutsen yana motsi, ba zai ƙara gawa a kan waɗanda ake nema ba. Ya sha zagi a kan haka. Golborne shi ma ya sha nasa: ya taɓa fashewa da kuka a gaban iyalan, suka ce masa ba kuka suka zo gani ba, kuma da ya faɗa a fili cewa damar samun mutanen da rai kaɗan ce, ransu ya ɓaci ƙwarai. Amma su biyun ba su ɓuya ba. Kullum ana zama da iyalan a gaya musu inda aka kwana, har da ranakun da labarin ba shi da daɗi. Babba juji ne, in ji Hausawa, kuma juji ba ya tashi daga inda yake don an zuba masa shara.

Da asubahin Lahadi 22 ga Agusta, kwana 17 da ruftawar, bakin ƙarfe ya ɓullo a wata hanya kusa da ɗakin mafakar, a zurfin mita 688. Mutanen suka rufe shi da duka da spana don na sama su ji, suka shafa masa jan fenti, suka ɗaure wasiƙu. Da aka jawo shi bayan sa'o'i, aka samu wata 'yar takarda da José Ojeda ya rubuta da jan alƙalami, cewa suna lafiya a ɗakin mafaka, su duka 33. Dubi yadda tsohon ma'aikaci ke ba da rahoto: halin da ake ciki, wurin da ake, adadin mutane. Babu ƙari.

Washegari aka saukar da waya. Urzúa ne ya ɗauka, ya gabatar da kansa a matsayin shugaban rukuni, ya ce suna lafiya suna jiran ceto. Cikin abubuwan farko da suka tambaya har da abokan aikinsu da ke kan hanyar fita lokacin da dutsen ya faɗo, ko sun tsira? Da minista ya ce babu wanda ya mutu, sai ihun murna ya cika wayar. Mutanen da suka kwana 18 ba su ƙoshi ba ke nan. Ka kuma lura, da zarar an samu hanyar magana da sama, farar hular ta dawo da kanta, domin na sama suna bukatar mutum ɗaya da za su yi magana da shi, wanda ya san awo, zai iya gaya wa injiniyoyi daidai inda rami yake. Taswirar da ya yi ta zanawa a kan mota ta yi rana.

Saura kwana 52, ko da yake a lokacin an ce musu abin zai iya kai wata huɗu, wajen Kirsimeti. Ta wannan 'yar huda aka riƙa saukar da ruwa, magani, abinci da wasiƙu a cikin wasu dogayen bututu da suka sa wa suna tantabaru. Likitoci suka fara da ruwan suga kaɗan-kaɗan, don cikin da ya daɗe babu komai in aka cika shi farat ɗaya yana iya kisa. Hukumar NASA ta Amurka ta turo ƙwararru huɗu masu sanin halin mutanen da ke zaman keɓe. Wani abin da aka yi da na ga hikimarsa shi ne ba a bar su zaune suna jira ba. Suka kasu rukuni uku, kowane da shugabansa, ana karɓa-karɓa kamar yadda aka saba a wurin aiki: masu karɓar tantabaru, masu duba rufin dutse, masu share ɓaraguzan da ke zubowa daga ramin da ake haƙa musu. Tan-tan na dutse suka kwashe da injunan da ke ƙasa tare da su. Wato suna cikin ma'aikatan ceton kansu. Edison Peña ma har gudu yake yi na kilomitoci a cikin ramukan.

Inda aka samu saɓani da na sama shi ne lokacin da masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa suka fara tace wasiƙun iyalai, suna yanke abin da ya dace mutanen su ji da wanda bai dace ba. Niyyar mai kyau ce, kada a tura wa mutum labarin rikicin gida yana cikin rami. Amma mutanen suka tayar da ƙayar baya. Magidanta ne da suka riƙe kansu kwana 17 babu taimakon kowa, yanzu kuma a mai da su yara? Dole aka sassauta. Ko taba sigari da aka hana su da farko, daga baya an saukar musu.

Sougarret bai dogara da rami ɗaya ba. Injuna uku aka sa suna haƙa lokaci guda, kowane da irin fasaharsa, har da wani ƙaton injin haƙar man fetur na wani kamfanin Kanada. Na biyun ne ya riga isa, ranar 9 ga Oktoba, kuma cikin masu tuƙa shi akwai Ba'amurke Jeff Hart, wanda aka ɗauko daga Afganistan inda yake haƙa rijiyoyin ruwa. Sojojin ruwan Chile suka ƙera wani keji na ƙarfe mai faɗin santimita 54, daidai kafaɗar mutum, aka sa masa suna Fénix. Kafin a fito da kowa, sai da ma'aikacin ceto Manuel González ya shiga kejin ya sauka, daga baya, ana cikin fitar da mutanen, wasu biyar suka bi bayansa.

Aka tsara fita: masu ƙwari da natsuwa tukuna, don in keji ya maƙale su iya ba da bayani, sai marasa lafiya, sai sauran. An ce gardamar da mutanen suka yi ita ce ta wa zai zama na ƙarshe, da yawa suna so. Jim kaɗan bayan sha biyun dare, ranar Laraba 13 ga Oktoba, Florencio Ávalos, mataimakin Urzúa, ya fito. Sepúlveda ne na biyu, ya fito da jakar duwatsu yana raba wa manya tsaraba. Haka aka yi ta yi, ɗaya bayan ɗaya, mita fiye da 600 kowace tafiya, duniya tana kallo a talabijin, mu nan muna ji a rediyo. Wajen ƙarfe 10 na dare Luis Urzúa ya fito, na 33. Ya tsaya a gaban shugaban ƙasa ya miƙa masa aikin kamar yadda shugaban rukuni ke miƙa wa mai karɓarsa, ya ce yana fata kada irin wannan ya sake faruwa. Mutum 33 dutse ya rufe ranar 5 ga Agusta, har da shi, 33 suka fito.

Galibi a nan ake tsayar da labarin, har fim ɗin da aka yi a 2015 ma nan ya fi ba ƙarfi. Abin da ya biyo baya ba shi da armashi. An kashe kimanin dala miliyan 20 a ceton, mafi yawa daga aljihun gwamnati da Codelco. Kamfanin San Esteban ya durƙushe, sauran ma'aikatansa da ba su shiga rami ba, su ɗaruruwa, suka rasa aiki, suka yi ta zanga-zangar neman haƙƙinsu a lokacin da kyamarori ke kallon wani wajen. Su kansu 33 ɗin an yi ta yawo da su ƙasashe na ɗan lokaci, sannan aka watse. Da yawa sun yi fama da rashin barci da firgita, wasu kamfanoni suka ƙi ɗaukarsu aiki, wasu suka koma rami don babu wata sana'ar. Haɗin kan da yunwa ba ta raba ba, maganar kuɗin littafi da fim ta taɓa shi.

A watan Agustan 2013 masu gabatar da ƙara suka rufe binciken da suka shekara uku suna yi, suka ce babu isasshiyar hujjar gurfanar da kowa, ko masu kamfanin, Alejandro Bohn da Marcelo Kemeny, ko jami'an hukumar sa ido. Mutum 31 daga cikin ma'aikatan suka kai gwamnati ƙara a kan sakacin hukumominta. A 2018 kotu ta ce a biya kowannensu peso miliyan 80. Aka ɗaukaka ƙara, a 2021 aka rage zuwa miliyan 40, kimanin dala 55,000, shekara 11 bayan ranar da suka hau tsanin ya ƙare musu.